Ɗinkin Da Jini Ke Bi Ta Cikinsa

Akwai wani tela a layinmu a Choggu, cikin Tamale, da nakan zauna a bakin rumfarsa da la'asar don kallon hannunsa kawai. Batakari yake haɗawa. Masaƙa suna kawo masa saƙi dogo siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, shi kuma ya yi ta haɗa baki da baki har riga ta tashi. In sabon saƙi ka kawo, za ka ga fuskarsa a sake. In kuwa tsohuwar riga ce ta ɓarke a hammata, sai ya juya cikinta waje, ya shafa wurin da babban yatsa, ya daɗe bai ce komai ba. Daga nan ya gaya maka gyara ya fi ɗinki wuya, domin ƙyallen ya riga ya sha allura sau ɗaya, bakinsa ya zaizaye, kuma babu rarar da za a kalmasa.

Maganar nan tasa ta dawo mini a shekarar da kawuna ya komo daga ƙasar waje da sabuwar ƙoda, wadda ƙanensa ya ba shi. Watannin farko sai hamdala. Ya rabu da injin wankin ƙoda, ya koma cin tuwo da miyar kuka kamar kowa, har ya fara hawa babur zuwa kasuwar Aboabo. Can wajen wata na bakwai hawan jini ya tayar masa. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, awo bai sauka ba. Ƙafafu suka soma kumbura. Na raka shi wurin wata likita a nan cikin gari, ta karanta takardunsa, ta ce ya kwanta. Abin sauraron ƙirji ta ɗauko, amma a mararsa ta ɗora shi, ɓangaren dama, dab da tabon aikin.

"Baba, ɗan riƙe numfashi," in ji ta.

Ta saurara, ta matsar da shi kaɗan, ta sake saurara. Sannan ta cire daga kunnenta ta miƙo mini. Abin da na ji kamar zugazugin maƙeri ne daga nesa, fuu, fuu, fuu, daidai da bugun zuciyarsa. Ta ce kukan jini ke nan idan yana kutsawa ta ƙunci. Jijiyar da ke shayar da ƙodar ce ta tsuke.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan sana'a, kuma yadda na ƙara fahimtarta haka girman masu yin ta ya ƙaru a idona.

Mutane da yawa sun ɗauka idan an yi dashen ƙoda, cire tsohuwar ake yi a sa sabuwa a gurbinta. Galibi tsofaffin biyu suna nan a inda Allah ya halicce su, can wajen baya. Sabuwar a mara ake ajiye ta, kusa da manyan jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafa, saboda sun fi sauƙin kaiwa, ga kuma mafitsara a kusa. Wani likitan Faransa, René Küss, na cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya a Faris a 1951, kuma ita Joseph Murray ya bi a Boston ranar 23 ga Disamba, 1954, lokacin da ya dasa wa Richard Herrick ƙodar ɗan tagwayensa Ronald, dashen farko da ya ɗore. Ɗinki uku ne ke riƙe da ƙodar: na jijiyar da ke shigar da jini, na jijiyar da ke fitar da shi, da na bututun da ke kai fitsari mafitsara. Na biyun farko su ne ranta.

Ƙoda ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma ƙishinta ya fi girmanta. Su biyun suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa, wato fiye da lita ɗaya a kowane minti, kowace ta jijiyar da faɗinta milimita 5 ne zuwa 6, kamar tsinken shan lemo. Wadda aka haifi mutum da ita tana da 'yan ƙananan hanyoyi ta gefe da kan ɗan agaza mata idan babbar ta samu cikas. Wadda aka dasa kuwa an yanke mata duk waɗannan tun wurin ciro ta. Ƙofa ɗaya gare ta ta shiga, ɗaya ta fita. In jini ya tsaya alhali tana cikin ɗumin jiki, kafin awa guda ta fara lalacewa. In an wanke ta da ruwan magani mai sanyi aka sa ta cikin ƙanƙara, takan jure yini guda ko fiye. Duk aikin nan tsere ne tsakanin allura da agogo.

Asalin ɗinkin kuwa daga wata wuƙa ya faro. A watan Yuni na 1894 wani mutum ya daɓa wa shugaban Faransa, Sadi Carnot, wuƙa a birnin Liyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar da ke kai jini hanta, manyan likitocin garin suna tsaye a kansa, jini ya ƙare masa. A wancan zamani in babbar jijiya ta yanke, galibi ɗaure ta kawai ake yi. Wani ɗalibin likitanci a garin, Alexis Carrel, abin ya tsaya masa a rai. Liyon garin siliki ne, don haka ya je wurin wata gwanar surfani, Madam Leroudier, ya koyi riƙon siririyar allura da zaren alharini. Wannan wuri na labarin shi ya fi taɓa ni, domin duk wanda ya taɓa ganin mai ɗinkin hula a Kano ko mai aska takwas a Zariya ya san irin ilmin da ke zaune a yatsa, wanda littafi bai ɗauke shi ba.

A 1902 Carrel ya bayyana dabararsa. Bakin jijiya zagaye ne, mai santsi, in ka soka allura a gaba sai ta kamo bangon baya, bututun ya toshe. Sai ya kafa zare uku a wurare uku na bakin, aka ja su, zagayen ya koma alwatika mai gefe uku miƙaƙƙu. Miƙaƙƙen gefe kuwa ko almajirin tela zai iya bi. An ba shi kyautar Nobel a 1912. Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya ɓata sunansa daga baya da mugun ra'ayi na fifita wasu 'yan Adam a kan wasu, har jami'ar Liyon ta cire sunansa daga tsangayar likitancinta a 1996, kuma ta yi daidai. Ɗinkin nasa dai ya wanzu a hannun mutanen da suka fi shi tausayi.

Ƙa'idojin ɗinkin sun yi hannun riga da na tela a wuri ɗaya. Tela yana ɓoye kalmasa a cikin riga don waje ya yi kyau. Mai ɗinkin jijiya waje yake juyo da bakin, domin cikin ne jini zai gani. Jijiya tana da wata shimfiɗa a ciki, siririya ƙwarai, mai santsi kamar cikin kumatu. Muddin jini yana gogar wannan shimfiɗa, zai yi ta gudu lafiya. Da zarar ya taɓa ɗanyen nama, ko ɗan tsumman bayan jijiya da allura ta jawo ciki, sai ya ɗauka rauni ne, ya fara daskarewa. Don haka dole shimfiɗa ta sadu da shimfiɗa, ko'ina a zagayen. A jijiyar shiga, daga ciki ake soko allura zuwa waje, don kada ta ɓamɓaro shimfiɗar ta zama marfin da jini zai tura ya rufe hanya. Ba a damƙar bakin da ƙarfe yadda aka ga dama. Zaren roba ne, shuɗi, santsi gare shi, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kusan silin gashi. Tsakanin suka da suka milimita ɗaya ne zuwa biyu. Likita yana sanye da tabarau mai ƙara girman abu, mataimakinsa yana riƙe da zaren da wani ja na musamman: in ya sassauta jini zai tsiyaya, in ya matsa bakin zai tattare kamar bakin jakar zuge. Wannan ja ba ya aunuwa da na'ura. Shekaru ne ke zuba shi a yatsa.

Jijiyar fita ake fara ɗinkawa, sannan ta shiga, ana so a gama biyun cikin minti 30 zuwa 45, domin ƙodar tana ɗumama tun daga lokacin da aka ɗauke ta daga ƙanƙara. Sai a saki matsewar. Waɗanda suka gani sun ce ƙodar da take fari fat, a yamushe, nan take takan cika ta yi ja, ta yi tauri, wani lokaci fitsari ya fara ɗiga tun ba a haɗa bututun ba.

A ƙasashenmu aikin ya ƙara wuya ta wani gefe. Inda ake ɗaukar ƙoda daga mamaci, ana yanko jijiyar da ɗan falle na babbar jijiyar jiki a bakinta, kamar maho, wanda har yau sunan Carrel yake amsawa. Ɗinki a kan mahon ya fi sauƙi, ya fi faɗi. Dashen Ghana da Najeriya kuwa daga masu rai ne, kuma ba wanda zai yanki babbar jijiyar mai rai. Guntun bututu kawai likita ke samu. Shi ya sa aka fi son ƙodar hagu, don jijiyar fitarta ta fi tsawo. Sannan kusan mutum ɗaya cikin huɗu ƙodarsa tana da jijiyar shiga fiye da ɗaya, kuma kowace da yankin da take shayarwa ita kaɗai. Ba a yar da ƙaramar ƙasa, domin ita ke ciyar da bututun fitsari. In biyu ne masu kusan girma ɗaya, sai a tsaga gefen kowace, a ɗinke su wuri guda a kan tebur cikin ƙanƙara, baki ɗaya ƙafa biyu. Sunan wando likitoci suka ba wannan haɗi, kuma telanmu zai gane shi da kallo ɗaya.

To, ina ɓarakar take fitowa?

Ta farko ita ce gudan jini, kuma a kwanakin farko take zuwa. Ba ta da yawa, 'yan ƙalilan ne cikin ɗari, amma in ta zo ba ta jira. Idan jijiyar shiga ce ta toshe, majinyaci ba ya jin zafi ko kaɗan, domin an yanke jijiyoyin jin ciwo na ƙodar. Alama ɗaya ce: fitsarin da ke zuba a leda ya ɗauke ɗif. Idan ta fita ce, ƙodar takan kumbura, wurin ya yi ciwo, fitsari ya yi ja, har takan tsage. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba ledar nan kowace awa da tsakar dare, tana rubuta adadin, ita ce idon likita. In ta daga murya da wuri, a garzaya tiyata, a warware ɗinkin, a zaro gudan, a wanke ƙodar da ruwa mai sanyi da maganin hefarin mai hana daskarewa, a gyara abin da ya jawo toshewar, a sake ɗinkewa. Sau da yawa ana isa ne bayan ta mutu, sai dai a cire ta. Waɗanda aka ceto, mintuna ne suka cece su.

Ta biyu ita ce ta kawuna, tsukewa, kuma ita ta fi yawa. Takan bayyana tsakanin wata 3 da shekara 2 bayan aiki. Wani lokaci tabo ne ke taruwa a kan ɗinkin, wani lokaci jijiyar ce ta lanƙwashe saboda ta fi abokiyarta tsawo, wani lokaci kuma jijiyar majinyacin ce dama ta yi tsatsa tun kafin dashe. Dalilin hawan jinin an gano shi tun 1934, lokacin da Harry Goldblatt ya matse jijiyar ƙodar karnuka a Amurka ya ga jininsu ya hau. Ƙodar da ba ta samun isasshen jini takan ɗauka jiki ne gaba ɗaya ya rasa, sai ta saki wani sinadari, renin, mai tsuke jijiyoyi da riƙe gishiri da ruwa. Ita tana neman ceto, mai ita yana kumbura. Akwai wata alama da ƙwararru ke lura da ita: in aka ba irin wannan majinyaci magani dangin lisinofril, sai awon kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, ya yi tsalle sama. Sikanin Dofla, wanda ke auna gudun jini, shi ke biye. Ruwa in ya zo ƙunci yakan ƙara gudu, kamar ka danne bakin tiyo da yatsa. Gudun da ya haura santimita 250 a daƙiƙa yakan sa likita ya gyara zama.

Yawancin masu wannan matsala yanzu ba a yanka su. A 1978 Andreas Gruentzig, a Zurik, ya ba da rahoton buɗe tsukakkiyar jijiyar ƙoda da ɗan balan-balan. Ta matsematsi ake zura siririn bututu, ana kallonsa a allo, a kai shi ƙuncin, a hura, in ya kama a bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare wurin. Majinyaci ya kwana ɗaya ya tafi gida.

Amma balan-balan ba ya miƙar da lanƙwasa. In ka hura ta miƙe, in ka sace iskar ta koma yadda take. Na kawu lanƙwasa ce, don haka sai wuƙa, kuma a nan maganar tela ta cika.

Mai komawa cikin marar da aka taɓa yi wa dashe ba ya tarar da abin da ya bari. Tabo ya mamaye wurin, fari, mai tauri, ya manne ƙoda da jijiyoyi da bututun fitsari wuri guda. Bututun nan yana kwance a wani wuri cikin tabon, in aka yanke shi an buɗe wata sabuwar wahala. Likita yakan share awanni yana ɓantara da bakin almakashi, milimita bayan milimita, kafin ma ya ga jijiyar da ya zo dominta. Da yawa sukan shiga ta tsakiyar ciki, su zagayo ta inda wuƙa ba ta taɓa bi ba, su fara kama babbar jijiya sama da ƙasa don in jini ya ɓalle su sami abin matsewa. Sai an yi wannan duka kafin a taɓa ƙuncin.

Daga nan zaɓi ne, kuma a tsaye ake yin sa. In ƙuncin gajere ne, a tsaga shi a tsaye a sa maho ya faɗaɗa. In akwai rara, a yanke wurin da ya lalace a sake dasa bakin a sabon wuri. In babu rara, a yi wa jinin sabuwar hanya ta zagaye. Ƙyallen mahon da na hanyar galibi daga jikin mai shi ake samo su: wata doguwar jijiya ce da ke bi ta cikin cinya har idon sawu, wadda ƙafa ke iya rayuwa ba tare da ita ba. Tana da 'yan ƙofofi a ciki masu barin jini ya bi gefe ɗaya kaɗai, saboda haka dole a juya ta, ƙasa ya koma sama, in ba haka ba an ɗinka toshewa da hannu. A fara haɗa ta da babbar jijiya tun ƙodar tana shan jininta, don a rage mata lokacin ƙishi. Sannan a matse, a sanyaya ƙodar, a ɗinka ɗaya bakin a can cikin rami, a kan jijiyar da ta riga ta sha allura. Idan wurin ya ƙi, akwai masu ciro ƙodar gaba ɗaya, su gyara ta a kan tebur cikin ƙanƙara, su mayar. Haɗarin rasa ta a irin wannan aiki ba ƙarami ba ne, kuma likitan ya san ƙodar wani bawan Allah ce mai rai da ya rage da guda ɗaya. Wanda ya san haka hannunsa bai yi rawa ba, ni dai ina cire masa hula.

Akwai ta uku, mai wuyar gani amma mai ban tsoro. Ƙwayar cuta takan ci ɗinkin, jini ya fito ya yi ƙullutu mai bugawa a gefen jijiya, yana jiran fashewa. A nan sau da yawa sai an sadaukar da ƙodar don a ceci rai da ƙafa, a ɗaure jijiyar, a jawo wa ƙafar jini daga 'yar'uwarta ta bututu. A dashen hanta kuma, wanda Thomas Starzl ya fara cin nasararsa a Denba a 1967, jijiyar shiga ta fi ta ƙoda siranta, kuma ita kaɗai ke ciyar da hanyoyin maɗaciya. In ta toshe da wuri ba a buɗe ba, sai wata hantar.

Sana'ar nan ta iso yankinmu. Asibitin St Nicholas a Legas ya yi dashen ƙoda a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo a 2002, Korle Bu a Akra ya fara a 2008 tare da likitocin ƙungiyar Transplant Links ta Birtaniya. Daga Tamale zuwa Akra kuwa kusan kilomita 600 ne, kwana guda a mota, kuma da yawa daga masu dashe Indiya suka je aka yi musu. Wanda ya ɗinka yana can, ɗinkin yana nan yana yawo a kan babur tsakanin Choggu da Sabonjida. Saboda haka gyaran yakan faro ne daga hannun wanda ba zai riƙe allurar ba: likitan da ya ƙi ƙara ƙwaya ta biyar sai ya saurari mara, mai sikanin da ya yi haƙurin bin jijiya mai lanƙwasa har ya kama gudunta, ɗalibin Jami'ar UDS da ke koyon ɗaure zare a Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda ina fata wata rana a nan zai yi wannan ɗinki.

Kawu ya koma ƙasar waje, aka yi masa sabuwar hanya da jijiyar cinyarsa. Tabo biyu ya dawo da su, ɗaya a ciki, ɗaya a cinyar hagu mai tsawon taƙi. Cikin 'yan makonni takalminsa ya koma shigarsa, ƙwayoyin hawan jini suka ragu zuwa ɗaya. Da muka koma wurin likitar nan, ta sa ya kwanta kamar wancan karo, ta ɗora abin a mararsa, ta daɗe tana saurare. Sannan ta miƙo mini.

"Yaya, me ka ji?" in ji kawu daga kwance, domin da sunan yayansa da aka sa mini yake kirana.

Na danna shi sosai a kunne. Zugazugin nan babu shi. Sai ɗan kukan hanji, da ƙarar wani keke mai ƙafa uku da ke wucewa a titi.